Rilen sitata: ƙaramar na'urar da kan hana babur tashi da sassafe

Duk wanda ke kwana a Mararaba, Nyanya ko Kubwa, ya kuma wayi gari da niyyar sa hannu a rajistar ofis kafin ƙarfe 8, ya san tsadar minti goma. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙananan ma'aikata da dama sun jingine mota sun koma kan babur, wasu har bakin ofis, wasu kuma iyakarsu tashar da za su hau bas. Ga irin waɗannan, babu abin da ke dagula safiya kamar a murɗa makulli, a danna maɓallin sitata, a ji "ƙas" sau ɗaya, sannan shiru.

Wannan ƙara daga rile take fitowa, wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba, wadda ke ɓoye kusa da batir, a ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe. Injin sitata yana jan wuta mai yawa, amfiya gommai a lokaci guda, kuma siririyar wayar da ke zuwa maɓallin hannu ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Saboda haka maɓallin ba ya yin komai sai aika 'yar wuta zuwa wani naɗin waya da ke cikin rile. Naɗin ya zama maganaɗisu, ya jawo farantin jan ƙarfe, farantin ya haɗa manyan ƙafafu biyu, sai wutar batir ta zarce kai tsaye zuwa sitata. Shi ya sa ake ganin wayoyi iri biyu a jikinsa: masu kauri guda biyu da aka ɗaure da noti, da sirara guda biyu a cikin soket.

Na fara kula da wannan na'ura ne a daminar da ta gabata, bayan da na bi ta cikin ruwan da ya kwanta a hanyar unguwarmu da tsakar dare, ina dawowa daga aiki. Washegari babur ya ƙi tashi. Mai gyaran wayar da na fara kai wa ya sauya rile cikin minti biyar, na biya, na tafi ina murna. Kwana shida sabon ya yi. A na bakwai, sitata ta ci gaba da juyawa bayan injin ya kama, na kashe makulli ba ta tsaya ba, har sai da na kwance kan batir da hannu ina jin ƙaurin roba.

Abin da ya faru shi ne farantin ya narke ya manne da ƙafafun. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne wanda na gano daga baya: a mazaunin fiyus babu fiyus, wani ne can baya ya naɗa zaren waya a wurin. Ga shi kuma ruwa ya shiga soket ya bar koriyar tsatsa, batir ya yi rauni. Batir mai rauni kan sa farantin ya riƙa karkarwa maimakon ya kama gam, kowace karkarwa kuma tartsatsi ce da ke cin ƙarfen. Rilen farko ba shi ne ciwon ba, alamarsa ce kawai, kuma ni da mai gyaran duka mun tsaya a kan alama.

Gyara na gaskiya daga batir yake farawa, da mitar awon wuta a hannu. Lafiyayyen batir mai bolt 12 kan nuna wajen 12.6 idan babur na kashe. Idan injin na aiki, ya kamata awon ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Ya haura 15, to na'urar daidaita caji ta lalace, kuma duk abin da aka sa sabo, daga ƙwan fitila har batir, yana kan hanyar ƙonewa. Wanda bai yi wannan awo ba ya ce maka ya gano matsala, cinke yake yi.

Sauti ma yana ba da labari. Idan an ji "ƙas" amma sitata ba ta juya ba, a tuhumi batir, ko kawunansa da suka yi datti, ko ƙafafun rile da suka ƙone. Idan kuwa babu ƙarar ko kaɗan, matsalar na ɓangaren sirāran wayoyi: fiyus, maɓallin kansa, makunnin kashe inji, ko ƙananan makunnan tsaro da wasu babura ke da su a kuloci da jak ɗin gefe.

Wajen sake jan wayar, a fara kwance kan batir mai alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Sufana da ta taɓa kan tarawa da jikin babur a lokaci guda tana iya yin ja kamar garwashi. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a cire ko ɗaya. Babura da yawa na China sun gaji tsarin launin Honda, inda ja ke zuwa daga batir, kore ya zama waya mai komawa jikin ƙarfe, rawaya mai ratsin ja kuma ta fito daga maɓallin sitata. Sai dai babur ɗin da ya ratsa hannun masu gyara uku ko huɗu ba a yarda da launinsa sai mita ta shaida.

Wayar da robarta ta narke ba a rufe ta da salatif a ce an gama. Zafi kan bi cikinta nesa da inda ido ya gani, don haka a buɗe damin wayoyin a bi ta har inda take da taushi da sheƙi, a yanke a nan. Kauri kuma sai ya yi daidai da na asali. Na ga inda aka sa wayar fitilar ɗaki tsakanin rile da sitata, wanda hakan daidai yake da ajiye ashana a ƙasan tankin mai. A matse bakin kowace waya da ƙarfen maƙalawa maimakon murɗawa da yatsu, a goge inda koriyar waya ke haɗuwa da jikin babur har ƙarfe ya fito fes, sannan a sa fiyus mai lambar da aka rubuta a kan na asali, ba wanda ya fi shi girma ba.

Akwai dabarar da kowane ɗan acaɓa ya sani, wato haɗa manyan ƙafafun biyu da sukudireba domin a tayar da babur. A matsayin gwaji na daƙiƙa ɗaya tana da amfani, domin idan sitata ta juya an wanke ta daga zargi. Amma dabarar tana tsallake duk makunnan tsaro, kuma babur da ke cikin giya zai zabura ya bar mai shi a ƙasa. Sai a firi, a kan babban jak, nesa da ɗigon mai.

Nawa gyaran ya ɗauki kusan awa biyu a hannun wani dattijon mai gyara, wanda bai taɓa rilen ba sai da ya gama da batir da soket. Da zan tafi ya miƙo mini fiyus guda biyu, ya nuna mini inda zan liƙa su a cikin murfin gefe.