Ɗan Lelen Sarkin Musulmi

A ofisoshin gwamnati na Dutse, idan aka tsallake wanda ya cancanta aka ɗora yaron oga a kan kujera, abin da ake ce wa wanda aka danne shi ne ya yi haƙuri, komai lokaci ne. Ba na raina haƙuri. Amma ƙasar nan ta taɓa ganin inda fifita ɗan lele yake kai jama'a, tun Dutse tana ƙarƙashin sarautar Kano, kuma masu riƙe da alƙalamin naɗi sun fi kowa buƙatar jin labarin.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya rasu a 1882, ya bar 'ya'ya masu yawa, da dama daga cikinsu suna riƙe da sarautu. Ƙanensa Muhammadu Bello ya gaje shi. Bello ya shiga tuɓe 'ya'yan yayansa da barorinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cike guraben da nasa, har ya naɗa ɗansa Tukur Galadima. 'Ya'yan Abdullahi, da Yusufu a gabansu, suka haɗiye. Sama da shekara goma suna kallo ana raba su da abin hannunsu, ba su zare takobi ba, domin sun san naɗin sarki a Sakkwato ake yanke shi, suna kuma sa ran idan ranar ta zo za a duba cancanta da abin da Kanawa ke so.

Sai dai wani abu ya faru can ƙasar Kabi. Jim kaɗan bayan hawansa a 1891, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai yaƙi Argungu, Kabawa suka fatattaki rundunarsa. A wannan mummunar rana Tukur, da ya jagoranci mayaƙan Kano, ya nuna jarumtar da ta shiga ran Sarkin Musulmi. Daga nan ya zama ɗan gaban goshi.

Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano. Ya ga inda zukatan mutane suka karkata, ya kuma sanar da ubangidansa cewa Yusufu ake so, naɗa Tukur zai jawo fitina. Abdurrahman ya ƙeƙasa ƙasa. Waziri ya naɗa Tukur.

A nan nake daɗewa duk lokacin da na bi labarin. Ga mataimaki mai hangen nesa, ya faɗi gaskiya a kan kari, aka ƙi ji, sannan shi aka sa ya aiwatar da abin da ya hana. Duk wanda ya taɓa zama mataimakin darakta ya san ɗacin wannan. Shi kuwa Tukur, zalunci ne a ce ba shi da komai. Jarumi ne na gaske. Laifin yana kan shugaban da ya ɗauki amanar jama'a ya biya bashin da ke kansa shi kaɗai. Abin da Tukur ya yi wa Abdurrahman a Argungu ya isa a ba shi doki da alkyabba da yabo a bainar jama'a. Kano kuwa ba tukwici ba ce.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yada zango a Takai, ƙasar da mai zuwa Dutse ta Kwanar Huguma yake ratsawa a yau. Garuruwan gabas, yankin Gaya da Dutse, suka wayi gari dole kowa ya zaɓi ɓangare, ko Yusufawa ko Tukurawa. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Manoman da ba su san yadda aka yi a Argungu ba su aka ƙone wa rumbuna, aka kama 'ya'yansu aka sayar, alhali Musulmi ne 'yantattu. Masanin tarihi Adamu Fika ya rubuta littafi guda a kan wannan yaƙi, aka buga shi a 1978.

Yusufu bai ga ƙarshen abin ba. Ya rasu a Garko a 1894. Jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu Babba (Alu) mubaya'a, wanda mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, zaɓin da ya sa Sakkwato ba za ta iya kiransa bare ba. A cikin wannan shekara Alu ya ci Kano. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, ya zauna a Kamri yana jiran gudummawa. Abdurrahman ya umarci sarakuna su taimaka masa, akasarinsu suka yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1895 aka ci rundunar Tukur a Tafashiya, ya rasa ransa. Daga baya Sakkwato ta amince da Alu, ɗan gidan da ta ƙi tun farko, ya yi mulki har Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903.