Bidiyo Ba Takardar Mallaka Ba Ne

Na gaji da ganin wannan ɗabi'a. Matashi zai ƙera injin ɓarar gyaɗa ko murhu mai tsimin gawayi, sai ya kwance shi a gaban waya, ya baje wa duniya sirrinsa a Facebook da TikTok. In ka yi magana ya ce ai bidiyon ne shaidarsa, kowa ya ga shi ya fara. Haba malam! Wa ya gaya maka?

Abin da doka ta sani shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda hukuma ke bayarwa don hana wasu ƙera abinka su sayar har tsawon wasu shekaru.

Mai taƙama da "ni na fara" ya dubi keken ɗinkin da ke shagon tela. Da yawa sun ɗauka Singer ne ya ƙirƙiro shi. Tun wajen 1833 wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya haɗa keke mai allura mai ido a tsini, da ƙoshiyar da ke kai zare na biyu ta ƙasa. Bai yi rajista ba, an ce gudun kada mata maɗinka su rasa abin yi. Elias Howe ne ya karɓi takarda a kan irin wannan ɗinki ranar 10 ga Satumba, 1846. Isaac Singer sai a 1851 ya samu tasa, Howe kuwa ya maka shi a kotu. Ɓangaren Singer suka lalubo Hunt don su rushe takardar Howe. A 1854 hukuma ta yarda Hunt ya riga kowa, amma ta ce ya yi watsi da aikinsa shekara da shekaru, don haka takardar Howe na nan daram. Singer ya biya Howe dala 15,000, ya kuma riƙa biyan la'ada a kan kekunan da ya sayar. Howe ya kuɗance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hunt ɗin nan, bawan Allah, shi ya yi rajistar fil mai makulli a 1849, ya sayar da haƙƙinsa dala 400 kacal don ya biya bashi.

A Najeriya, dokar 1970 ta ba wanda ya fara shigar da takarda haƙƙi, kuma abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo. Wato bidiyon da kake kira shaida, shi za a kafa hujja da shi a kanka.

Rashin jari da na wutar lantarki ma suna kashe ƙirƙira, ba musu.

Amma batun rajista a hannunka yake. Ka zana injin dalla-dalla, ka rubuta yadda yake aiki da abin da ya bambanta shi da na kasuwa. Mai walda ko mai kuɗin da za ka nuna wa, ku sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri tukuna, ko da ɗan uwanka ne. Ka kai takardunka ofishin rajista na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki a Abuja. Akwai kuma hukumar gwamnati mai suna NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira. 'Yan Nijar, Kamaru da Cadi kuwa ta ƙungiyar OAPI za su bi wajen rajista. Takardar shekara 20 take yi, kuma akwai kuɗin da ake biya duk shekara, in ka daina ta mutu. Kada matsi ya sa ka sayar da haƙƙinka gaba ɗaya, ka nemi kaso a kan kowane inji.

Don Allah, sai rasitin shigar da takarda ya zo hannunka sannan ka kunna kyamara.