'Yan Matan Nijeriya a Gasar Ƙanƙara

A nan Kamsaoghin, sanyin da muka sani shi ne na hunturu, wanda yake sa dattijo ya rufa da bargo biyu, yara kuma su kewaye wutar mai koko tun da asuba. Ƙanƙara kuwa sai a cikin leda, wurin mai sayar da ruwan sanyi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Burkina Faso ta samu lambarta ta farko ta Olimfik a kan yashi, lokacin da Hugues Fabrice Zango ya ci tagulla a tsalle mai taki uku a Tokiyo, a shekarar 2021. Amma akwai wata gasar ta Olimfik da ake yi bisa ƙanƙara da dusarta, kuma ƙasar kakannin da yawa daga cikinmu, wato Nijeriya, ta fara shiga cikinta a watan Fabrairun 2018, a garin Pyeongchang na Koriya ta Kudu.

Mata huɗu ne suka wakilce ta. Uku daga cikinsu, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun shiga tseren bobsleigh: wani abu ne mai kama da amalanke marar taya, mutum biyu su tura shi a guje, su faɗa ciki, ya gangara da su cikin kwararon ƙanƙara mai lanƙwasa da gudun da ya haura kilomita 120 a awa guda. Ta gaba tana tuƙi, ta baya tana riƙe da birki. Kafin su, babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa shiga wannan tsere a Olimfik. Ta huɗun, Simidele Adeagbo, nata ya fi ban tsoro, domin rub da ciki ake kwanciya a kan ɗan faranti, kai a gaba.

Idan sakamako ake tambaya, ba za mu yi masa ado ba. Su ne na ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 20, daga baya suka koma na 19 bayan an soke sakamakon 'yar Rasha da aka kama da shan ƙwayar ƙara kuzari. Adeagbo ma ta 20 ta zo.

Abin da ya sa muka kawo labarin cikin wannan shafi na iyali shi ne asalin yaran. Dukansu a ƙetare aka haife su, ukun a Amurka, Adeagbo a Kanada. Adigun, haifaffiyar Chicago, wadda ta riga ta yi wa Nijeriya tseren tsallake shinge a Landan a 2012, da hannunta ta harhaɗa amalanken katako a birnin Houston, inda ƙanƙara baƙuwa ce, suka riƙa tura shi suna koyo. Kuɗin tafiya kuwa taimako suka nema ta intanet, aka tara musu dala 75,000. Hukumar wannan wasa ma babu ita a Nijeriya sai da suka tashi. Da a ce iyayensu sun bar sunan gida ya mutu a bakinsu, da babu wadda za ta sha wannan wahala don tutar ƙasar da ba ta girma a cikinta ba.

Mu ma nan baƙi ne da suka zama 'yan gari. Kakanninmu sun zo Wagadugu daga Kano da Katsina da Sakkwato a kan hanyar goro, ga jikokinsu yau sun fi sakin baki da Faransanci da harshen Mosawa, wasunsu ko sunan garin kakansu ba su riƙe ba. Laifin ba na yaro ba ne, tun da abin da ya ji a tsakar gida shi yake ɗauka.

Wani abin lura kuma: wadda ta tuƙa amalanken da ya ci zinariya a wannan tseren na 2018 sunanta Mariama Jamanka. A Berlin aka haife ta, mahaifinta mutumin Gambiya ne, ita kuwa Jamus ta ciyo wa lambar.