Dala 29 a takardun mota: Yadda jihar Colorado ke neman raba daji tsakanin 'yan yawo da namun dawa

Tun daga watan Janairun 2023, duk mazaunin jihar Colorado ta Amurka da ya je sabunta takardun motarsa zai tarar an ɗora masa dala 29 a kan kuɗin da ya saba biya. Kuɗin tikiti ne na shiga wuraren shaƙatawa sama da 40 mallakar jihar har tsawon shekara guda. Ba tilas ba ne, amma sai mutum ya buɗe baki ya ce ba ya so kafin a cire masa. Wanda ya yi shiru ya saya ke nan.

Majalisar dokokin jihar ce ta zartar da dokar a 2021, Gwamna Jared Polis ya sanya mata hannu. Tikitin shekara da aka saba sayarwa dala 80 ne, sai aka karya farashin domin masu biya su yawaita.

Abin da ya kawo wannan dabara tsohuwar matsala ce: wa zai ɗauki nauyin namun daji?

Shekara da shekaru mafarauta da masu kamun kifi ne ke ɗauka. Suna sayen lasisi, sannan tun 1937 akwai dokar tarayya da ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa jihohi domin kula da namun daji. Shi kuwa wanda ya rataya jaka ya hau dutse, ko ya ɗauki kekensa ya nausa kurmi, a mafi yawan wurare ba ya biyan ko kwabo. A ganinsa bai kashe komai ba, don haka ba a bin sa bashi.

Masana namun daji ba su yarda da wannan lissafi ba, kuma hujjarsu ita ce elk, wata irin ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda babu jihar da ta kai Colorado yawanta a Amurka.

A lokacin hunturu dusar ƙanƙara tana rufe ciyawa, sai dabbar ta koma rayuwa da kitsen da ta tara. Duk sa'ad da ta hango mutum ko kare ta zura da gudu, kitsen nan take ƙonawa, kuma babu abincin da za ta mayar da shi. Watannin Mayu da Yuni kuma lokacin haihuwa ne. Uwa kan ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta yi kiwo a kusa, idan aka firgita ta ta yi nisa, ɗan ya rasa nono, ya kuma zama nama ga masu farautarsa.

Masu bincike na Jami'ar Jihar Colorado sun gwada hakan a shekarun 1990 a kusa da garin Vail, inda suka riƙa tunkarar iyayen da gangan a lokacin haihuwa. Sakamakon ya nuna cewa garken da aka dama ya fi asarar 'ya'ya. A 2019 jaridar Guardian ta ruwaito cewa a wani yanki na Vail, inda a da ake ƙirga elk fiye da 1,000 daga jirgin sama, 53 kacal aka gani.

Hukumar da ke riƙe da wannan rigima ita kanta haɗin gambiza ce. A 2011 majalisa ta haɗe sashen wuraren shaƙatawa da na namun daji suka zama hukuma guda. Wato ofishin da aikinsa shi ne jawo jama'a cikin daji, shi ne kuma aka ɗora wa tsare dabbobi daga jama'ar.

Daga 2018 hukumar ta haramta tsintar ƙahon da barewa ke zubarwa, daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Afrilu, a filayen gwamnati da ke yammacin babbar hanyar I-25. Sana'a ce mai kawo kuɗi, domin ana yin kayan ado da ƙahon, sai dai masu tsintar na kutsawa ne daidai lokacin da dabbobin suka fi galabaita.

Matakin da ya fi tayar da ƙura shi ne na watan Yulin 2020. Jihar na da filaye kusan 350 da aka keɓe domin namun daji, yawanci da kuɗin mafarauta da masunta aka same su, amma 'yan yawo suka mayar da su wurin shan iska. Sai hukumar ta ce babu baligin da zai shiga sai da lasisin farauta ko na kamun kifi. Masu kallon tsuntsaye da masu ƙyamar farauta suka ce ba za ta saɓu ba, don me za a tilasta musu sayen lasisin abin da ba su yarda da shi ba? A 2021 aka fito musu da tikiti na daban.

To ina dala 29 ɗin ke zuwa? A nan ne gizo ke saƙa. Dala miliyan 32.5 na farko na gyara da kula da wuraren shaƙatawa ne. Dala miliyan 2.5 na masu aikin ceto waɗanda suka ɓata ko suka ji rauni a duwatsu, sai miliyan ɗaya ga cibiyar da ke gargaɗi kan zaftarewar dusar ƙanƙara. Abin da ya haura waɗannan dala miliyan 36 ne ake rabawa tsakanin ayyukan namun daji da na ilimantarwa da inganta hanyoyi. Dokar da aka tallata da sunan kare dajin Colorado, ɗan'adam ta fara sallama, barewa sai abin da ya yi saura.

Akwai kuma inda hannun majalisar bai kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Colorado mallakar gwamnatin tarayya ce. Dabbobin da ke kanta jiha ce ke da alhakinsu, amma buɗe sabuwar hanyar keke ko rufe ta a lokacin haihuwa hurumin hukumomin tarayya ne. Yawancin dazukan da suka kewaye Vail, inda aka ƙirga elk 53 ɗin nan, suna cikin irin wannan ƙasa, kuma tikitin dala 29 bai shafe su ba.