Yadda Ake Samun Wuta Ba Da Ashana Ba

Ashana ba ta daɗe a duniya ba. Wani Bature mai sayar da magani a Ingila, sunansa John Walker, shi ya ƙago irin wadda ake ƙyastawa a 1826. Kafin ta iso ƙasarmu kakanninmu da ƙyastu suke aiki, watau ƙarfe da ƙanƙara. Amma akwai dabarar da ta girme wannan, ita ce ta murza itace bisa itace, wadda Hadzawa na ƙasar Tanzaniya suka gwanance da ita.

Asirin abin ba wuya. Goga tafin hannunka da ƙarfi, za ka ji ɗumi. To, haka itace yake. In an goga shi yakan yi zafi, yana zubar da gari. Wannan garin shi ke kamawa, ba sandar ba. Mai koyo yakan manta da haka, ya yi ta wahala a banza.

Nemi busasshen itace mai taushi, kamar dashi, ka fafe shi ya yi faɗi. Sami siririyar sanda miƙaƙƙiya, tsawon ƙafa 2, kaurin ɗan yatsa. Yi ɗan gurbi kusa da gefen itacen, sa'an nan ka yanka tsaga daga gefen har cikin gurbin, inda garin zai taru. Sa busasshen ganye a ƙarƙashi.

Taka itacen da ƙafa, kafa sandar cikin gurbin, ka murza ta tsakanin tafukanka kana dannawa ƙasa. In hannu ya sauko, maza ka koma sama, domin in ka tsaya zafin ya tafi. Gari zai yi baƙi, hayaƙi ya tashi. In ka ɗaga sanda ka ga garin yana hayaƙi da kansa, to, garwashi ya samu. Juye shi cikin audugar rimi da busasshiyar ciyawa, ka hura sannu sannu har harshen wuta ya fito.

Malami, kada ka kai wannan darasi gaban aji sai ka gwada shi kai kaɗai ya yiwu, domin yara ba su manta ranar da malaminsu ya kasa. Lokacin hunturu ya fi, don da damina itace yakan sha raɓa. Amma hunturun nan shi ne lokacin gobara. Saboda haka a share fili, a aje tulun ruwa kusa, a kuma kashe wutar ƙurmus kafin a tashi.