Leburan Kwangila da Wanda Alhakinsa Ke Wuyansa

A ranar 9 ga Fabrairu 1921 babu wanda zai yi mafarkin jirgin ƙasa ya ratsa ƙasar Daura, amma shekara ɗari cif bayan haka, a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka danƙa shi ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Kafin wannan, a ƙarshen 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na Sin ya gina. Ga samarin Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, waɗanda bisa al'ada da zarar an kai amfanin gona gida sai su ɗaura ɗamarar cin rani, irin waɗannan ayyuka rahama ce ta zo har ƙofar gida.

Sai dai babban aiki, ko a wace ƙasa yake, ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Gwamnati ta ba kamfani, kamfani ya yanka wa ƙananan 'yan kwangila, wannan ya kawo tsakuwa, wancan ya haƙa magudanar ruwa, su kuma su nemi heluma, heluma ya fita da asuba ya zaɓi majiya ƙarfi da baki kawai, ba takarda ba shaida. Ta haka kuɗi ke gangarowa yana raguwa, alhaki kuma yana raguwa tare da shi, har ya zama wanda ya fi kowa kusa da haɗari shi ne wanda sunansa bai shiga littafin kowa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba kankare ya ga yaro yana kwaɓa siminti da shebur, ya naɗe ƙafafunsa da tsohon buhu ya ɗaure da leda domin ba shi da takalmi, alhali jiƙaƙƙen siminti yana cin fata kamar wuta, ƙurar dutse kuma tana taruwa a huhu, cutarta ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da kwashe kayansa. In yaron ya faɗo daga kan katako ya karye, sai a ce ƙaddara ce, a ba shi kuɗin ɗori, a sallame shi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta taɓa ɗauke wa mai sakaci lamuni ba.

Malamanmu na Malikiyya sun riga sun share wannan fage, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta sharɗanta cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ba ta inganta sai an ambaci ajali an kuma ambaci lada. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, ta kuma lissafa ɗan aikin yini da wanda aka ɗauka da baki a cikin ma'aikata. Wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangidan ya kai rahoto cikin kwana 7. Amma yaya za a biya diyyar mutumin da ba a rubuta ba?

Duniya ta koyi wannan darasi da jini. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, ya hallaka mutum 1,134, galibinsu masu ɗinka tufafin manyan shagunan Turai da Amurka, waɗanda da yawansu suka fara da cewa su saye kawai suke yi. Daga baya Faransa a 2017, Jamus kuma a 2021, suka kafa dokokin da ke tilasta wa manyan kamfanoni su binciki halin ma'aikatan masu kawo musu kaya.

A ganina, abin da ya kamata mu nema a Zango bai kai haka wuya ba. Kafin heluma ya kwashi yaran gari, hakimi da dagatai da majalisar ƙaramar hukuma su tsaya a rubuta sunan kowa, da ladansa, da ranar biyansa, da sunan kamfanin da ke can sama. A kuma sa a cikin yarjejeniyar kwangila cewa hular kwano da takalmi da safar hannu da abin rufe hanci suna kan mai aiki, ba za a cire kuɗinsu daga ladan lebura ba, kuma kada a saki kason ƙarshe na kuɗin ƙaramin ɗan kwangila sai ya nuna shaidar ya biya mutanensa.