Haɗin Kan Ƙasashe: Abin Da Masana Ke Faɗi Da Abin Da 'Yan Kasuwar Jambutu Ke Gani

Duk wanda ya san unguwar Djamboutou da ke Garwa, wadda muke kira Jambutu, ya san cewa da yawa daga kayan da ke kan teburan kasuwarta daga Nijeriya suka fito: robobi, takalma, kayan gyaran babur, har da man fetur na galan da ake kira zuwa-zuwa. A Jimeta ta Yola ma akwai unguwa mai wannan suna, da babbar tashar mota. Amma a takarda, waɗannan Jambutu biyu suna cikin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban. Kamaru tana cikin CEMAC tare da Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, ita kuwa Nijeriya tana cikin ECOWAS wadda aka kafa a Legas a 1975.

Wannan rabuwa tana da farashi a aljihunmu. Kayan da aka sarrafa a Chadi za su iya shigowa ba kuɗin fito idan takardunsu sun cika, amma na Yola, da ke kusa da mu fiye da Injamena, ana lissafa su cikin kayan waje, inda ake biya musu harajin CEMAC mai hawa-hawa. Kuma idan ba a manta ba, kafin Jamusawa su kama Garwa a 1901, ƙasar nan tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ne da ke Yola.

Masana harkokin ƙasa da ƙasa sun daɗe suna gardama a kan yadda ƙasashe ke haɗuwa. Wani mai suna David Mitrany ya rubuta a 1943 cewa kada a fara da tuta ko majalisa, a fara da abin da ya dame kowa, kamar kogi, hanya da lafiyar dabbobi, domin aikin tare shi zai saba wa mutane da juna. Ernst Haas ya ɗora a kai a 1958, bayan ya duba yadda ƙasashe shida na Turai suka haɗa kasuwar gawayi da ƙarfe a 1951. A ganinsa haɗin kai tamkar ruwan da ya cika randa yake, sai ya malala: in an haɗa kasuwa za a buƙaci kuɗi ɗaya, in an yi kuɗi ɗaya za a buƙaci doka ɗaya. Stanley Hoffmann ya ce a'a. A 1966 ya nuna cewa gwamnatoci sukan yarda da haɗin kai a ƙananan abubuwa, amma da zarar magana ta taɓa tsaro ko iko, kowace sai ta janye hannunta.

To, bari mu auna su a ma'aunin Binuwai. Abin da Mitrany ya ba da shawara an gwada shi a yankinmu tun da wuri, domin Kamaru, Nijeriya, Nijar da Chadi sun kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, kuma Kamaru tana cikin Hukumar Kogin Kwara mai ofishi a Yamai saboda Binuwai. Duk da haka, madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982 har yau tana jawo cece-kuce. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Nijeriya don tare ruwan ba a gina ta ba, kuma a ambaliyar 2012 da ta 2022 an yi ta nuna wa juna yatsa. Kogi ɗaya, hukumomi biyu, amma manomin da ke bakin ruwa bai ga amfaninsu ba ranar da gonarsa ta nutse.

Shi ma ruwan randar Haas bai malala yadda ya zata ba. Ƙasashen CEMAC suna da kuɗi ɗaya, wato sefa, da babban banki ɗaya a Yawunde, kuma tun 1964 yawancinsu suka ƙulla yarjejeniyar kwastan ta UDEAC. Amma shiga ƙasashen juna ba biza sai a ƙarshen 2017 dukkansu suka amince da shi, bayan Gabon da Ikwatoriyal Gini sun yi shekaru suna jan ƙafa. Wato sama da shekara 50 kuɗi yana ƙetare iyaka, mai kuɗin kuwa yana tsaye a bakin shinge.

A ganinmu Hoffmann ne ya fi kusa da gaskiyar bakin iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba tare da ta nemi izinin wata ƙungiya ba. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, masu sayar da zuwa-zuwa da 'yan acaɓa a Garwa sun ji a jikinsu nan take, alhali ba su da ƙuri'a a Abuja. Haka aka yi a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar: ɗan kasuwa ya kwana da jari, ya tashi da rabinsa. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ita ma ta nuna cewa abin da aka ɗaura ana iya kwance shi. Wannan gardama ma ba baƙuwa ba ce a garin nan. Lokacin da Kwame Nkrumah ke neman gwamnati ɗaya ga Afirka, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, yana cikin masu cewa kowa ya riƙe ƙasarsa a tafi sannu a hankali, kuma ra'ayinsu ne ya yi rinjaye a Addis Ababa a 1963.

Sai dai akwai masani na huɗu, Karl Deutsch, wanda ya ce a daina ƙirga yarjejeniyoyi, a ƙirga zirga-zirgar jama'a, da ciniki, da amanar da ke tsakaninsu. A wannan ma'auni Garwa da Yola sun riga gwamnatocinsu nisa. Ɗan canji yana karɓar sefa a nan a biya naira a Mubi da kiran waya ɗaya, dillalin shanu yana ba da bashi a ƙetaren iyaka ba takarda, ga auratayya, ga Fillanci da Hausa da ake ji ta kowane ɓangare. Ko a shekarun rikicin Bakasi, wanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansa a 2002 aka kuma kammala miƙa yankin a 2008, hanyar Gashiga da Demsa ba ta mutu ba.

Abin da ya kamata 'yan kasuwarmu su sa wa ido shi ne yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, da aka sa wa hannu a Kigali a 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a Janairun 2021. Kamaru da Nijeriya duk sun amince da ita, kuma ita ce ta sa su cikin tsarin rage haraji guda. Amma ragin a hankali ake yinsa cikin shekaru, kuma ya shafi kayan da aka noma ko aka sarrafa a Afirka ne kawai, tare da takardar shaidar asalin kaya. Robar da aka ƙera a Kano za ta iya shiga ciki, wayar salular da aka sauke daga Sin a tashar Legas ba za ta shiga ba. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu goma ba zai iya bin layin wannan takarda shi kaɗai ba, don haka aiki ne na ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kaya, su je ofishin kwastan na Garwa su tambayi jerin kayan da aka riga aka rage wa haraji, su kuma nemi a ba su a rubuce.